Babbaƙu da farfaru a littattafan Ibrananci

Kwanakin baya ɗan maƙwabcina a Maraɗi ya zo hutu, jarrabawa na jiran shi. Shekararsa ta farko ke nan a wata makarantar koyon tauhidin Kirista. Kullum da la'asar sai ya zauna a gindin bedi yana tilawar lissafi: littattafai 24 a ƙirgen Yahudawa, 39 a wurin Furotestan, 46 a wurin Katolika, rushewar Urushalima a hannun Babila wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Annabi Isa, rushewar Haikali a hannun Rumawa a shekara ta 70. Na tambaye shi wane ne ya sa wa littattafan nan wasali. Ya ce : « Baba, ai da wasalinsu suka zo. » Amsar nan tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san babbaƙu, ya san farfaru. Ibrananci yana da baƙi 22, ana rubuta shi daga dama zuwa hagu kamar ɗan'uwansa Larabci, kuma fiye da shekara dubu ana kwafar Attaura da Zabura da littattafan annabawa da babbaƙu kusan zalla. Wasalin yana bakin malami, shi ke zuba shi a kunnen almajiri. Muddin harshen yana raye a gida da kasuwa, wannan bai zama matsala ba. Amma Aramanci da Girkanci, daga baya kuma Larabci, sun karɓe bakin jama'a, sai tsoro ya kama malamai kada karatun ya ɓace a bar su da ƙashin rubutu.

Tsakanin ƙarni na 7 da na 10, wasu malamai da ake kira Masoret, wato masu riƙon gado, suka ɗauki aikin. Cibiyarsu mafi shahara ita ce Tibariya, a bakin tafkin Galili, ƙarƙashin mulkin halifofin Musulunci, a zamanin da malaman Larabci irin su Halilu ɗan Ahmad na Basra ke daidaita alamomin fataha da kisira da rufu'a. Masoret suka ƙirƙiro ɗige-ɗige da ƴan layuka a ƙarƙashin baƙi da samansa, da alamomin tsayawa da na rera karatu.

Abin da ya fi ba ni mamaki a aikinsu shi ne abin da suka ƙi yi. In suka tarar da kalmar da rubutunta ya saɓa wa yadda suka ji ta daga malamansu, ba sa kankarewa. Sai su bar baƙin yadda yake, su rubuta karatun a gefen shafi. Na cikin layi suna ce masa ketib, na gefe kere, kuma kunnen Bahaushe ba zai rasa jin kitabu da ƙira'a a ciki ba. Sun ƙirga ayoyi da kalmomi, sun rubuta a gefe sau nawa kalma kaza ta zo, kamar dai yadda alarammominmu ke riƙe irin wannan lissafi a ka. Sunan Ubangiji mai baƙi huɗu, wanda Yahudawa ba sa furtawa, suka ɗora masa wasalin wata kalma mai ma'anar Ubangijina, domin mai karatu ya tuna ya faɗi waccan. Malaman Turai da suka karanta baƙin da wasalin aro a haɗe, su ne suka fito da sunan Jehoba.

Kundin da ya fi kowanne daraja an gama shi a Tibariya wajen shekara ta 930, Haruna ɗan Ashir ne ya sa masa wasali. Ya sha yawo. Mayaƙan Salibiyya sun kama shi a Ƙudus bayan 1099, aka fanshe shi aka kai Masar, inda Musa ɗan Maimun ya dogara da shi, daga nan ya koma Halab ta ƙasar Sham ya zauna ƙarnoni a majami'ar Yahudawa. A watan Disamba na 1947, bayan ƙuri'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta raba Falasɗinu, tarzoma ta tashi aka cinna wa majami'ar wuta. Kundin ya isa Isra'ila a ɓoye a 1958, amma kusan ganye 200 babu su, har da mafi yawan Attaura. An daɗe ana ɗora laifin a kan wuta. Binciken baya ya nuna cewa duhun da ke gefen ganyayen da suka rage ruɓewa ce, ba ƙuna ba, kuma a 2012 ɗan jarida Matti Friedman ya kawo hujjoji cewa hannun mutane ne ya ɗebe su bayan gobarar. Saboda haka ɗalibai a yau sun fi dogara da wani kundi cikakke da aka rubuta a Alƙahira wajen 1008, wanda ke ajiye a Rasha, ake kiransa kundin Leningirad.

A wajen shekarar nan ta 1947 ne kuma wasu makiyaya Larabawan ƙauye suka shiga wani kogo a Kumran, kusa da Tekun Gishiri, suka tarar da tuluna ɗauke da naɗaɗɗun fatu. Zuwa 1956 an samu rubuce-rubuce a kogo 11. A cikinsu akwai littafin Ishaya cikakke, tsawonsa ya haura mita 7, an kwafe shi wajen shekara ta 125 kafin haihuwar Annabi Isa, wato ya girmi kundin Halab da shekara dubu. Babbaƙu ne, babu ɗigon wasali ko ɗaya.

Da aka jera su, sai kowane ɓangare ya samu abin da zai riƙe. Mafi yawan bambancin da ke cikin Ishaya na rubutun kalma ne, abin da ya nuna amanar masu kwafa. Amma guntayen Irmiya sun fito da wani nassi gajere, irin wanda tsohuwar fassarar Girkanci ta Iskandariya ta bi, ke nan a wancan zamani littafin yana yawo da siffa biyu. Har Jaluta, wanda Annabi Dawuda ya kashe, bai tsira ba: a kundin Masoret tsawonsa kamu 6 da taƙi, a fatar Kumran da fassarar Girkanci kamu 4 da taƙi.

Na gaya wa yaron wannan na ƙarshe. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, ya buɗe na Faransanci, ya duba ƙasan shafi ya yi shiru. Can ya ce : « To Baba, in sun tambaya, wanne zan rubuta? » Na ce ya rubuta biyun, ya faɗi inda kowanne ya fito.