Harsashin Gini da Daɓe a Ƙasar Wurno

Tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a Wurno, inda ya rasu a 1837, maginan wannan yanki suke fama da ƙasa iri biyu, wato tudu mai marmara wanda yake riƙe gini, da kuma lakar fadamar kogin Rima wadda take kumbura da damina ta tsattsage da rani, har harsashi ya motsa, bango ya tsage, daɓen ɗaki ya lotsa.

Magabata a garuruwa irin su Dinawa da Rabah sun fi dogara da gyaran shekara-shekara, domin kafin saukar ruwa akan sabunta yaɓe, a ɗaga dakali a gindin bango don kada ruwan indararo ya zaizaye shi. Daɓe kuwa aikin mata ne, waɗanda sukan zuba tsakuwa su kirɓe ta da madaɓi, sannan su shafe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da yake ƙarfafa ƙasa. Idan wani gefe ya lotsa saboda gara ko danshi, sai a tone shi a cike a sake kirɓewa.

Zuwan siminti ya rage wannan kulawa, alhali bulon da aka ɗora kan harsashi marar zurfi a laka shi ma tsagewa yake yi. Ambaliyar Satumban 2010 daga madatsar Goronyo ta rushe gidaje da dama a yankin, kuma har yau liƙe tsaga ba tare da gyara magudanar ruwa ba ɓarnar kuɗi ce.