Yadda Pennsylvania Ta Ɗora Wa Kwamfuta Aikin Rufe Tsohon Laifi

A Amurka, saurayin da aka kama ya ɗauke ɗan abu a kanti zai iya biyan tara, a sallame shi, amma laifin ya bi shi har furfura. Duk inda ya nemi aiki ko gidan haya, sai an binciki sunansa a rajistar kotu. An ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na baligan ƙasar yana da irin wannan tabo, wasu ma kama su kawai aka yi, kotu ba ta same su da laifi ba.

Jihohi da dama sun daɗe da dokar goge ƙananan laifuka, amma sai mutum ya rubuta wa kotu takardar roƙo, ya biya kuɗi, sau da yawa ya ɗauki lauya. Malaman shari'a biyu, J.J. Prescott da Sonja Starr, sun bi diddigin abin a jihar Michigan. Cikin waɗanda suka cancanta, kashi 6.5 cikin ɗari ne kacal aka goge wa laifi cikin shekara biyar. Waɗanda suka dace kuwa, abin da suke samu ya ƙaru da fiye da kashi 20 cikin ɗari a shekara guda. Mu a ganinmu, dokar da sai mai kuɗin lauya ke morarta, ba don talaka aka yi ta ba.

Pennsylvania ce ta fara juya lamarin. Ranar 28 ga Yuni, 2018, Gwamna Tom Wolf ya sa hannu kan dokar Clean Slate, wadda 'yan Republican da Democrat suka kawo tare. Daga 2019, kwamfutocin kotu da na 'yan sanda suka fara rufe bayanan da kansu, muddin mutum ya shekara goma ba a sake samunsa da laifi ba. Utah ta bi sahu a 2019, Michigan a 2020.

Sai dai an bar wani sharaɗi: sai ka biya duk tarar da kotu ke bin ka. Wato wanda tabon ya hana aiki, shi ake cewa ya fara kawo kuɗi. A 2020 aka cire sharaɗin, aka bar diyyar wanda aka zalunta kawai. A 2023 Gwamna Josh Shapiro ya sa hannu kan gyaran da ya rage jiran zuwa shekara bakwai. Har yau dai rufewa ake yi: mai gidan haya ba ya ganin laifin, amma ɗan sanda da alƙali suna gani.