Tsarin Makin PFF a Ƙwallon Amurka

Tsarin makin PFF hanya ce ta auna ƙwazon 'yan wasan gasar NFL, wadda kamfanin Pro Football Focus da ke Cincinnati yake gudanarwa. Masu nazari kan bi bidiyon wasa, su ba kowane ɗan wasa maki daga −2 zuwa +2 a kowane yunƙuri, wato daga sakin ƙwallo zuwa tsayawar wasa, sannan a daidaita jimillar bisa ma'aunin 0 zuwa 100. Tsarin yakan yaba wa mai jifa idan ya jefa daidai, ko da mai cafewa ya ɓarar, adalcin da ƙidayar sakamako ba ta yi. Sai dai mai nazari bai san umarnin koci ba, don haka makin yana buƙatar taka-tsantsan, musamman idan wasannin da aka auna kaɗan ne.