Littafin Sunaye da Aikin Likitan Iyali a Birtaniya, 1911 zuwa 1991

Likitan iyali shi ne wanda majiyyaci ya ke fara zuwa wurinsa, shi ne kuma ya ke yanke ko ciwon na gida ne ko kuwa sai an kai babban asibiti. A ƙasar Birtaniya wannan likita ya daɗe yana jiran marasa lafiya su zo su same shi, bai san kome ba game da waɗanda ba su zo ba. Abin da ya buɗe masa hanyar rigakafi kuwa littafin sunaye ne, wanda tun farko aka shirya shi domin lissafin kuɗi.

Cikin shekarar 1911 Ministan Kuɗi, David Lloyd George, ya kawo dokar inshorar ma'aikata. Kowane mako ma'aikaci namiji ya kan biya kwabo 4, maigidansa ya biya 3, gwamnati ta ƙara 2. Sa'an nan ma'aikaci ya zaɓi likitan da ya ke so, a rubuta sunansa a littafinsa. Ana biyan likita bisa yawan kawunan da ke cikin littafin, kamar yadda a ke ƙidayar masu biyan haraji, ko mutum ya yi ciwo ko bai yi ba. Amma matan aure da yara ba su shiga ba, sai ranar 5 ga Yuli 1948, sa'ad da Aneurin Bevan ya buɗe Hukumar Lafiya ta Ƙasa, aka ba kowa damar rubuta sunansa wurin likita kyauta.

Littafin bai gyara kome ba nan da nan. An yarda likita ɗaya ya riƙe har mutum 4,000, tun da kuɗinsa ba ya ƙaruwa don ya yi ƙwazo, wanda ya duba majiyyaci a tsanake da wanda ya sallame shi da kwalbar magani ladansu ɗaya. Wani likita ɗan Ostireliya, Joseph Collings, ya zaga ɗakunan likitoci, cikin 1950 ya buga rahotonsa a mujallar Lancet, ya nuna aikin ya lalace, musamman a garuruwan masana'antu inda aka fi bukatarsa. Kunyar wannan rahoto tana cikin abin da ya sa aka kafa ƙungiyar likitocin iyali a 1952.

Wanda aka naɗa shugabanta na farko, William Pickles, likitan ƙauye ne a Aysgarth cikin lardin Yorkshire, inda ya zauna tun 1913. Shi ya riga ya nuna amfanin sanin jama'a gida gida. Da shi da matarsa Gertrude sun yi shekaru suna rubuta kowace cuta mai yaɗuwa, da ƙauyen da ta faɗa, da ranar da ta fara. Da ciwon shawara ya ɓarke a kwarinsu wajen 1929, sai ya yi ta bin sawunsa daga wannan gida zuwa wancan, gama ya san wa ya ziyarci wa, wa ya je wane biki. Ta haka ya gano cutar ta kan ɓuya a jiki kwana 26 zuwa 35 kafin ta bayyana. Likitan babban asibiti ba ya iya wannan lissafi, domin shi mutum ɗaya ya ke gani a gado, ba ya ganin maƙwabtansa. Pickles ya buga littafinsa a kan haka cikin 1939.

Duk da haka Pickles masu ciwo ya ke ƙidayawa. Mai juya littafin sunaye ya koma neman masu ganin kansu lafiya lau, shi ne Julian Tudor Hart, wanda ya sauka a Glyncorrwg cikin 1961, wani ƙauyen mahaƙa kwal a kudancin Wales mai mutum wajen 2,000. Ya ci sa'a, gama cikin 1966 aka yi sabuwar yarjejeniya da likitoci, gwamnati ta ɗauki kuɗin hayar ɗaki da kashi 70 bisa ɗari na albashin ma'aikatansu, watau likita ya sami halin ɗaukar magatakarda da mai jinya. Daga 1968 Hart ya ƙudura auna jinin kowane baligi da ke cikin littafinsa. Hawan jini ba ya sallama, mutum yana haƙa kwal yana shan tabarsa har ran da ɓarin jikinsa ya shanye. Saboda haka duk wanda ya zo da tari ko targaɗe sai a auna shi, a rubuta. Wanda bai zo ba a aika masa, in ya ƙi a bi shi gida. Ba a iya sanin wanda bai zo ba sai da littafi, nan ne amfaninsa ya fito fili. Cikin 1970 Hart ya ba da labari a Lancet, ya auna kashi 98 bisa ɗari na masu shekara 20 zuwa 64. Matarsa Mary ta kasance abokiyar aikinsa a wannan bincike da waɗanda suka biyo baya.

Shi ne kuma cikin 1971 ya rubuta maƙalar da ta yi suna, inda ya nuna inda bukata ta fi yawa nan ne kyakkyawan likita ya fi wuyar samu, abin da Collings ya gani shekara 21 kafin nan. Gwamnati ta ɗauki rabin darasin. Cikin yarjejeniyar 1990 ta sa lada ga likitan da ya yi wa kashi 70 ko 90 na yaran littafinsa allurar rigakafi, amma cika wannan adadi ya fi sauƙi a unguwar masu hali.

Hart ya bar aiki a 1987. Cikin 1991 ya buga sakamakon shekara 25, aka ga mace-macen Glyncorrwg sun yi ƙasa da na Blaengwynfi, ƙauyen maƙwabta mai irin talaucinsu, da misalin kashi 28 bisa ɗari. Ƙauye biyu ba su isa hujjar yanke hukunci ba, kuma aikin bai tsaya ga awon jini kaɗai ba, har da hana shan taba da rage ƙiba da giya, kowanne an bi shi suna bayan suna.