Tseren Keke Daga Titi Zuwa Ɗaki: Tarihin Awo da Maguɗi

Keke ya daɗe da zama abin hawan ma'aikata a Kano, musamman tun da aka kafa unguwar masana'antu ta Bompai, wadda ita ce mafi daɗewa, sannan Sharaɗa da Challawa suka biyo baya. A Bompai ne kamfanin Raleigh na Ingila ya yi masana'antar harhaɗa kekuna, har sunan Rali ya zama ma'aunin nagarta a bakin Bahaushe, kuma a kan irin waɗannan kekuna ne ma'aikatan masaƙu da majemu da matatun mai suke sammakon zuwa aiki kafin babur ya karɓe titi. Keken Kano na neman abinci ne, amma tarihin tsere da shi a duniya ya tayar da tambayar da masu ciniki a waɗannan unguwanni suka sani sarai, wato wa zai riƙe sikeli.

Maguɗi ya fara ne tare da tseren kansa. A gasar zagaya Faransa ta 1904, wadda ita ce karo na biyu, an soke nasarar Maurice Garin da mutum uku da ke biye da shi, a cikin zarge-zargen da suka haɗa da cewa wasu mahaya sun yanke hanya a mota ko jirgin ƙasa, aka ba Henri Cornet kambun. Daga baya ƙwayoyin ƙara kuzari suka mamaye fagen, sannan a 2016 aka gano ƙaramin inji a ɓoye cikin keken wata matashiya 'yar Beljiyam, aka dakatar da ita shekara 6. Duk da munin waɗannan abubuwa, jikin mahayi da kekensa suna gaban alƙalai, ana iya ɗibar jini, ana iya kwance ƙarfe.

Wannan shaida ta ido ita ce ta ɓace da aka kafa Zwift a 2014, manhajar da ke ba mutum damar ɗaure kekensa a kan wata na'ura a cikin ɗaki, ya murza feda, hotonsa kuma ya riƙa gudu a allo tare da na waɗansu daga ƙasashe daban-daban. Na'urar tana auna ƙarfin da ƙafa ke fitarwa da ma'aunin da ake kira wat, manhajar kuma ta haɗa shi da nauyin mahayi da tsawonsa ta fitar da saurinsa, ta yadda a hawan tudu wanda ya fi yawan wat a kan kowane kilo shi ke wucewa gaba. Matsalar ita ce mahayin ne da kansa yake rubuta nauyinsa, kuma na'urar tasa ce, a gidansa take. Mai nauyin kilo 80 da ya rubuta 70 ya sami fifiko ba tare da ɗigon gumi ba, haka wanda ya karkatar da saitin na'urarsa ko ya sauya alƙaluman kafin su isa intanet. A 2019 hukumar tseren keke ta Birtaniya ta ƙwace kambun gasar ƙasa daga Cameron Jeffers tare da dakatar da shi wata 6, saboda ya yi amfani da wata manhaja ta yi masa hawan da ake bukata don samun keke mafi sauri a cikin wasan.

Matakan da aka ɗauka ba baƙi ba ne ga wanda ya san cinikin gyaɗa da fata a Kano, inda mai saye ke auna kayan manomi a kan sikelinsa, har sai da gwamnati ta sa jami'an duba awo su riƙa gwada sikeli su buga masa hatimi. A manyan gasanni an wajabta wa mahayi ya ɗauki bidiyon kansa a kan sikeli, ya ɗaura ma'aunin bugun zuciya, ya kuma naɗi ƙarfinsa da na'urori biyu domin a gwada alƙalumansu. A gasar duniya ta farko da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya a Disamban 2020, wadda Ashleigh Moolman-Pasio ta Afirka ta Kudu da Jason Osborne na Jamus suka lashe, an aika wa kowa na'ura iri ɗaya. A 2024, bayan gasar ta koma manhajar MyWhoosh, sai aka tara masu wasan ƙarshe a zaure ɗaya a Abu Dhabi, wanda hakan amincewa ce a fili cewa awo daga nesa bai wadatar ba.

Akwai wani rashin daidaito da waɗannan dokoki ba su taɓa ba, kuma ya cancanci a damu da shi. Na'urar tana da tsada ƙwarai, tana kuma bukatar wuta da intanet marasa yankewa, alhali ƙarancin wutar lantarki na cikin manyan dalilan da suka rufe masana'antu da yawa a Sharaɗa da Challawa da Bompai tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Matashin Kano mai ƙarfin ƙafa, idan aka ɗauke wuta yana tsakiyar tsere, hotonsa zai tsaya cak a allo, kuma babu wata doka a gasar da ta tanadar masa mafita.