Cinikin Fatar Jaki: Shin Mugunta Ra'ayi Ce Kawai?

A watan Fabrairun 2024, shugabannin Tarayyar Afirka sun amince a Addis Ababa da haramta yanka jakuna domin fatarsu. Tun 2016 Nijar ta hana fitar da jakuna waje. Tushen cinikin shi ne ejiao, maganin gargajiya na ƙasar Sin da ake haɗawa da dafaffiyar fatar jaki. Hujjar da aka fi kafawa kan haramcin ta tattalin arziki ce: farashin jaki ya fi ƙarfin talakan da ke ɗebo ruwa da shi. Wannan maƙala na ganin akwai hujjar da ta fi ta zurfi, wato azabtar da mai rai laifi ne ko da ba wanda ya yi asarar kwabo.

Tunda fata ake nema, dillali ba ruwansa da ko dabbar ta ci ko ta sha. Ana cusa jakuna a babbar mota, a yi doguwar tafiya da su cikin zafin rana. Wanda ya faɗi sauran su tattake shi, kuma ko ya mutu a hanya, fatarsa tana nan da kuɗinta.

A 1977 masanin falsafa J. L. Mackie ya ce saɓanin al'ummai kan kyau da muni shaida ce cewa mutane ne suka ƙago su. Gaskiya ne Bahaushe ba ya cin jaki, wasu kuwa suna ci. Amma wannan saɓani a kan abin da ya halatta a ci ne. Da mai saye da mai sayarwa, babu mai cewa azabar abin so ce. Kowa uzuri yake kawowa, wannan ya ce magani, wancan ya ce neman abinci, kuma mutum ba ya neman uzuri sai ga abin da ya san yana da nauyi.

Masanin falsafa Jeremy Bentham ya nuna a 1789 cewa jin ciwo ne ma'aunin haƙƙin dabba, ba hankali ko iya magana ba. Malaman Musulunci sun daɗe da tafka muhawara kan asalin kyau da muni: Mu'utazilawa suka ce hankali na iya gane muni, Ash'ariyawa suka ce shari'a ce ke bayyana shi. Duk da haka, babu ɓangaren da ya miƙa hukuncin ga son ran ɗan Adam. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda tsare kyanwa har ta mutu da yunwa sananne ne.

Ana iya cewa ai muna yanka rago. Haka ne, amma da sharaɗi: a wasa wuƙa, a gaggauta, a sauƙaƙa wa dabbar. Sharuɗɗan kansu amincewa ne cewa ciwonta abin lissafi ne.

Saboda haka, in a kan farashi kaɗai haramcin ya dogara, ranar da jakuna suka yawaita hujjar ta faɗi. Wajibi ne doka ta yi magana kan lodi, shayarwa da yadda ake yanka, domin haƙƙin na dabbar ne kafin ya zama na mai ita.