Tsarin wuta a kwamfutar Windows

Tsarin wuta, wanda Windows ke kira Power Plan, jerin saiti ne da ke tafiyar da yadda kwamfuta ke shan wutar lantarki. Shi ke ƙayyade saurin furosesa, da lokacin da allo zai mutu, da lokacin da kwamfuta za ta yi barci, da abin da za ta yi idan batir ya kusa ƙarewa. A wasu kwamfutocin akan buɗe Power Options a tarar da tsari ɗaya tak. Galibi ana iya dawo da sauran ba tare da an sake ɗora Windows ba.

Tarihi

Kamfanin Microsoft ya fito da tsare-tsare uku a Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a watan Janairun 2007. Balanced yana daidaita sauri da tsimin wuta. Power saver yana rage sauri domin batir ya daɗe. High performance yana sakar wa furosesa ƙarfi, ya kuma fi shan wuta. A shekarar 2018 aka ƙara na huɗu, Ultimate Performance, domin manyan kwamfutocin aiki masu Windows 10.

Dalilan ɓacewarsu

Babban dalili shi ne Modern Standby, wani salon barci da ke barin kwamfuta a shirye kamar wayar hannu. Ya samo asali ne daga Connected Standby na Windows 8 a 2012. Kwamfutar da ke da shi Balanced kaɗai takan nuna. Ana gane ta da umarnin powercfg /a: idan S0 Low Power Idle ya fito cikin waɗanda ke aiki, to tana da shi.

Sauran dalilan sun haɗa da sabunta Windows, da manhajar kamfanin da ya ƙera kwamfutar, da Windows ɗin da aka rage wa sassa kafin a ɗora ta. Kwamfuta ta hannu da ta fito daga wata ma'aikata kuma tana iya zuwa da takunkumin da ma'aikatar ta sa mata.

Yadda ake dawo da su

Da farko akan shiga Control Panel, sannan Power Options, a danna Show additional plans, domin sau da yawa a nan suke ɓoye. Idan babu, sai a buɗe Command Prompt da izinin Administrator a rubuta:

powercfg -restoredefaultschemes

Wannan umarni yana mayar da komai yadda Windows ta zo da shi, amma yana goge duk tsarin da mai kwamfuta ya ƙirƙira da kansa. Saboda haka akan fara adana shi da powercfg /export. Mai son tsari ɗaya kawai yakan rubuta powercfg -duplicatescheme, ya bi shi da lambar tsarin:

Balanced: 381b4222-f694-41f0-9685-ff5bb260df2e
Power saver: a1841308-3541-4fab-bc81-f71556f20b4a
High performance: 8c5e7fda-e8bf-4a96-9a85-a6e23a8c635c
Ultimate Performance: e9a42b02-d5df-448d-aa00-03f14749eb61

Umarnin powercfg /list yana nuna tsare-tsaren da ke akwai, da tauraro a gefen wanda ke aiki. A kwamfuta mai Modern Standby, tsarin na iya ƙin bayyana ko bayan haka. A nan akan yi amfani da Power mode da ke cikin Settings, wanda ke da matakai na tsimin wuta da na sauri.

Amfaninsa inda wuta ba ta tsayawa

Zaɓin tsari ya fi tasiri a wuraren da ake yawan ɗauke wuta. A kudancin jihar Katsina, kamar Funtua da Malumfashi, kamfanin KEDCO ne ke raba lantarki, kamar yadda yake yi a jihohin Kano da Jigawa. Shagunan buga takardu, da ɗalibai, da dillalan auduga da masara da taki masu ajiye lissafi a kwamfuta, sukan haɗa da janareta ko sola. Ga mai kwamfutar tafi-da-gidanka, Power saver na ƙara lokacin aiki kafin a nemi caji. High performance kuwa yana cinye batir da wuri, yana ƙara wa na'ura zafi, musamman da bazara, ko idan ƙurar hunturu ta toshe mata fanka.

Saitin da ya fi kare aikin mutum shi ne Critical battery action. A ƙa'idar Windows, gargaɗi yakan fito idan batir ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100, matakin ƙarshe kuma yana kashi 5. Idan an saita shi a Hibernate, kwamfuta za ta kwashe duk aikin da ke buɗe ta ajiye a faifanta kafin ta mutu, sai a ci gaba daga inda aka tsaya idan wuta ta dawo. Tsohon batir kan mutu kafin ya kai wannan mataki, don haka akan ɗaga adadin. Umarnin powercfg /batteryreport yana nuna ƙarfin da ya rage wa batir idan aka kwatanta da na asali. Kwamfutar tebur ba ta da batir, saboda haka babu tsarin da zai cece ta daga ɗaukewar wuta sai an haɗa mata UPS ko inbata.